Na je Toledo neman takobi, na dawo ina zargin wanda ke rataye a ɗakina

"Kawu, ka dai san takobi ba ya shiga aljihu ko?" Abin da ɗan yayata ya fara ce min kenan a tashar jirgin ƙasa ta Atocha da ke Madrid da sassafe, muna kan layi ana saka jakunkuna cikin na'urar bincike kamar a filin jirgin sama. Nace masa na sani. Yace shi dai tuna min yake, don duk abin da na kwaso a can ta cikin irin wannan na'urar zai bi kafin mu dawo, kuma shi ne zai sha bayani da jami'ai tunda ni Sifaniyancina bai wuce gaisuwa ba. Karatu yake a Sifaniya, ya iya yaren sosai, shi yasa na lallaɓa shi ya ajiye littattafansa kwana ɗaya ya raka ni.

Ni dai mutum ne mai cutar tara wuƙaƙe, ba zan ɓoye ba. Na fi shekara 10 ina yi. Akwai masu naɗewa, akwai na farauta, akwai tsofaffin aska guda biyu, sai takubba uku, kuma a cikin ukun nan akwai wanda nake ji da shi kamar me, dogo mai ƙyalli, ƙotarsa ta sha ado, a jikin ruwansa an rubuta Toledo da manyan baƙaƙe. Ta intanet na saye shi shekarun baya. Duk baƙon da ya shigo ɗakina shi nake fara nunawa, in sauko da shi in zare a hankali in ce masa kalli nan, Toledo, garin da ya fi ko'ina iya ƙira a Turai. Ashe dai, to bari in bi labarin daki daki.

Daga Madrid zuwa Toledo kilomita wajen 70 ne, jirgin ƙasa mai gudu yana cinye ta cikin minti 30 da ƴan kai, ban gama gyara zama ba muka iso. Muka taka da ƙafa har gadar Alkantara, wadda sunanta ma Larabci ne, alƙanɗara, wato gada, kogin Taho yana gudu a ƙasa ya kewaye garin ta ɓangare uku, garin kuma yana can bisa dutse sai ka ɗaga kai. Hawan nan ya gwada min shekaruna wallahi. Muna isa dandalin Zokodoba ina haki yaron yana min dariya, yace sunan nan ma daga Larabci ne, suƙud dawabbi, kasuwar dabbobi. Garin ya yi shekara sama da 370 a hannun Musulmi, suna ce masa Ɗulaiɗula, kafin sarki Alfonso na 6 ya karɓe shi a 1085.

Daga dandalin ka shiga lungun ƴan kasuwa sai idonka ya raina fata. Shago bayan shago, ko'ina takubba, an jera su a tagogi, an cika ganguna da su a bakin ƙofa kamar sanduna, ga sulke a tsaye ga kwalkwali ga garkuwa, ga na finafinai iri iri masu ƙahoni da fikafikai wanda ba wani mayaƙi da ya taɓa riƙe irinsu a duniya. Raina ya yi fari ƙal. A shago na uku kuwa sai ga ɗan'uwan nawa na gida, shi sak, ado iri ɗaya rubutu iri ɗaya, guda wajen 15 a jere. Na ɗan ji wani iri, don a zatona nawa ba shi da yawa a duniya, amma na daure nace ai ko ba komai ga shaida daga nan ya fito.

Yaron ne ya hana ni ciro kati tun a nan. Yace Kawu mu fara zuwa gidan tarihi ka ga na gaske, in ya so ka dawo ka saya, shagunan ba guduwa za su yi ba.

Gidan tarihin sojoji yana cikin Alkasar, wannan ƙatuwar fada mai hasumiya huɗu da ake hangowa daga ko'ina a garin. An ragargaza ta a yaƙin basasa a 1936 aka sake ginawa, sai a 2010 aka buɗe gidan tarihin a ciki bayan an kwaso kayan daga Madrid. Wurin yana da girma har ya yi yawa, bindigogi, tutoci, kakin soja, ƴan sojojin dalma, duk na wuce su da sauri, abu ɗaya na zo gani, takobin Bo'abdil.

Shi ne Abu Abdullahi Muhammad na 12, sarkin Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya, wanda ya miƙa garin a 1492. Takobin kuwa tun kafin nan ya bar hannunsa, a 1483 aka kama shi a yaƙin Lusena aka karɓe kayan jikinsa, har jar rigarsa ta karammiski tana nan an ajiye. Na tsaya gaban gilashin nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne miƙaƙƙe ne sambal, kaifi biyu, tsawonsa kusan mita 1, alhali mu da yawa mun taso da hoton cewa takobin Musulmi lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata. Mutanen Andalus miƙaƙƙe suke riƙewa. Irin wannan ana ce masa hineta, ana danganta sunan da Zanata, ƙabilar Barbar mahaya dawaki da suka tsallako daga arewacin Afirka, kuma ƴan kaɗan ne suka rage a duniya. Makarin hannunsa bai miƙe gefe da gefe kamar na Turawa ba, ya lanƙwaso ƙasa ya rungumi ruwan takobin, mariƙin hauren giwa ne an sassaƙa shi da ƙananan zane da sai ka matso da hanci dab da gilashi kafin ka rarrabe, ga aikin zinare, ga wasu ƴan gidaje gidaje da aka cika da launi mai sheƙi kamar tangaran, ga rubutun Larabci yana zagayawa. Kuben yana da zobba na rataya, a kafaɗa ake saɓa shi. Kuma mariƙin gajere ne ƙwarai, na auna da tafin hannuna daga waje na ga da ƙyar yatsuna huɗu za su zauna. A nan kusa akwai na surukinsa Aliyu Attar, wanda shi a wannan yaƙin na Lusena ya rasu.

Abin da na lura da shi, kuma ya dame ni, duk adon nan yana kan ƙota da kube ne. Ruwan takobin shi kansa ba ya wani ƙyalli, toka toka ne, shiru abinsa. Haka sauran takubban ɗakunan gaba, sirara dogaye na ƙarni na 17 masu makari kamar ƙoƙo da ke rufe hannu, ba wanda yake walƙiya kamar madubi irin nawa. A jikin wasu takubban Sifaniya akwai wata magana da aka saba rubutawa, yaron ya fassara min, wai kada ka zare ni ba dalili, kada ka mayar da ni kube ba daraja. Abin dariyar shi ne da yawa daga ruwan takubban da ke ɗauke da irin wannan rubutu, har da masu sunan Toledo ɓaro ɓaro, a Solingen ta Jamus aka ƙera su, maƙeran can sun ga sunan yana sayar da kaya suka riƙa buga shi. Wato satar sunan Toledo ta girmi kakan kakana.

Bayan azahar muka nemi maƙera ta gaske. Sun yi ƙaranci sosai yanzu. Tun a 1761 sana'ar ta taɓa durƙushewa har sai da sarki Karlos na 3 ya kafa masana'antar takubba ta gwamnati ya tattara ragowar maƙeran a ciki, ita ma an rufe ta a 1996, gine ginenta yanzu jami'a ce ke amfani da su. Mun sha ɓata a lungunan nan, taswirar waya tana juya mu kamar waina, kafin muka ji ƙarar guduma ta wata ƙofa da ba ta da wani ado.

Dattijo ne, hannayensa duk tabon ƙuna, yaron yana kiransa maestro, wato gwani, ni ma na bi sahu. Na ciro waya da alfahari na nuna masa hoton takobina. Ya kalla bai fi daƙiƙa uku ba ya miƙo min wayar, yace wani abu gajere. Yaron ya yi shiru. Nace me yace? Yace Kawu cewa yayi yana da kyau a bango. Nace to sai me? Yace shikenan abin da yace.

Da ya ga fuskata ta canza sai ya shiga ciki ya fito da abu biyu ya ɗora kan tebur. Na farko ruwan takobi ne tsirara ba ƙota, ƙarfen ya zarce daga ruwan ya zama wutsiya mai faɗi kamar yatsa biyu, tana sirancewa a hankali har ƙarshe, duk ƙarfe ɗaya ne ba haɗi. Na biyu karyayye ne wani ya kawo gyara, ruwan yana ƙyalli kamar nawa, amma daga inda ƙota ta fara sai aka yanke shi aka ɗiga walda aka liƙa wani siririn ƙarfe mai zare kamar na noti, kaurinsa bai fi fensir ba, kuma daidai kan waldar ya ɓalle. Wutsiyar ɓera suke ce wa irin wannan. Yace mai shi ya ɗaga ne kawai ya kaɗa a iska, ruwan ya fice ya bar masa ƙota a hannu, Allah ya kiyaye ba kowa a gabansa. Yace duk ƙarfin sara a wannan mahaɗar yake taruwa, kuma ita ce wurin da mai saye ba ya gani, shi yasa a nan ake cin amana.

Sai ya koya min yadda ake ganewa ba tare da an kwance ba. Ka duba ƙarshen ƙota, in ka ga kan ƙarfe ya leƙo an dake shi da guduma ya baje ya riƙe dunƙulen ƙarshen, alama ce mai kyau, in kuwa dunƙulen yana juyawa kamar murfin kwalba to ka yi hattara, duk da yace akwai masu zare na kirki, sai dai a kwance a gani. Ka riƙe ka bugi dunƙulen da tafin hannu ka saurara ko wani abu zai yi kwaram kwaram a ciki. Ka ɗora shi kan yatsa ka nemi inda yake daidaita, a yawancin takubban hannu ɗaya bai kamata ya yi nisa da makari sosai ba. Sannan nauyi, takobin yaƙi na hannu ɗaya kilo 1 ne da ɗan ɗori, mutane suna zaton na gaske nauyi ne da shi, alhali na bogin ne ya fi nauyi saboda ba a rage kaurinsa daga gindi zuwa tsini ba, an yanko shi ne kawai daga faranti. Ya miƙo min nasa na riƙe, kai, kamar hannuna ne ya ƙara tsawo. Nawa na gida in na riƙe shi minti biyu sai wuyan hannuna ya fara ciwo, ni kuma ina ɗaukar hakan a matsayin shaidar inganci, ka ji wauta.

Ya ɗauki wani ruwan ya kafa tsininsa a kan katako ya danna har ya lanƙwashe kamar baka, gabana ya faɗi, ya saki, ya koma sambal. Yace wannan aikin wuta ne. Ana gasa ƙarfen har ya yi ja, wajen digiri 800 da wani abu, daidai inda maganaɗisu ya daina kama shi ko sama kaɗan, a tsoma a mai, a nan ya yi tauri amma kamar gilashi yake, in ya faɗi zai iya tarwatsewa, sai a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launi, daga ruwan ƙasa ƙasa zuwa shuɗi, wuƙa ana tsayawa da wuri don ta riƙe kaifi, takobi ana kai shi gaba don ya samu laushin sifirin. Na tambaye shi batun ruwan kogin Taho da ake cewa shi ne sirrin Toledo, ya yi dariya har da tari, yace ruwa ruwa ne. Mutanen da dabararsu ita ce su sa ƙarfe mai laushi a tsakiya su lulluɓe shi da mai tauri su dake su zama ɗaya, cikin ya hana karyewa wajen ya riƙe kaifi. Batun ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, mai sinadarin kuromiyam sama da kashi 10 cikin 100, yace a wuƙa gajera ba laifi ko kaɗan, amma a abu mai tsawon mita yana da saurin karyewa, shi yasa duk takobin da ka ga yana walƙiya shekara da shekaru ba a shafa masa mai ba, na kallo ne.

Nawa shekararsa nawa a bango ban taɓa shafa masa ko ɗigon mai ba, kuma ko ɗigon tsatsa babu. Ban faɗa masa ba.

A nan ne kuma aka warware min wani ruɗani da na daɗe da shi kan kalmar Damaskus, don abu uku ne daban ake kira da suna kusan ɗaya. Akwai na asali, ƙarfen da ake narkawa a tukunya a Indiya da Siri Lanka, mai yawan kabon, wanda zanen ruwa ruwa yake fitowa daga cikin jikinsa. Akwai wanda ya cika kasuwa yau, ƙarfe iri biyu ake jerawa a dake a ninka a sake dakewa sannan a tsoma a asid zanen ya fito, yana da kyau in an yi shi da kyau amma ba shi ne wancan ba, kuma akwai na ƙarya ma da zanen kawai aka buga a sama. Na ukun shi ne wanda Toledo ta shahara da shi, damaskinado, shi ado ne zalla. Na zauna kusa da wata mata a wani shago ina kallo tana yi, an riga an kakkarce fuskar ƙarfen da ƙananan tsagi da ido ba ya gani sosai, ta ɗauko zaren zinare siriri kamar gashi tana kwantar da shi da wani ɗan tsinke tana bi tana dannawa, ba zane a gabanta ba komai, tauraro mai kusurwa takwas yana fitowa a hankali, in ta gama a bi da ƴar guduma a daddake, sannan a tsoma a wani ruwan magani mai zafi ƙarfen ya koma baƙi wuluk zinaren ya fito. Na fi minti 20 a wurin, ko sau ɗaya ba ta ɗago kai ba.

Na koma wurin dattijon na sayi ɗaya. Ba shi da ado ko kaɗan, makari miƙaƙƙe, mariƙi an naɗe da fata baƙa, dunƙule kamar ƙwai, kan wutsiyar ya leƙo an dake shi har ana ganin sawun guduma. Ba a wasa shi ba kuma nace a bar shi haka, ba yaƙi zan je ba. Yaron ya kalle shi ya kalle ni yace Kawu duk takubban garin nan wannan mummunan ka gani? Dattijon ya shafe shi da mai, ya naɗe da takarda, ya ja min kunne kan abu uku, kada in bar shi cikin kuben fata ya daɗe don fata tana jan danshi, kada in bari a taɓa ruwan da yatsa ba a goge ba don gumin hannu yana barin hoton yatsa da tsatsa, kuma in wata rana na samu tsohon takobi kada in kuskura in goge shi da samfefa don ya yi haske, wannan duhun da ke jikinsa shi ne rabin darajarsa. Wannan ta ƙarshen ta soke ni, don ɗaya daga cikin tsofaffin askata haka na yi mata da hannuna har ina murna.

Dawowa kuwa sai da maganar yaron ta tabbata. Kwali mai tsawon sama da mita a kafaɗata, duk wanda muka wuce sai ya waiga. A tasha aka saka shi a na'ura, jami'in ya kalli allo ya kalle ni, ya nemi rasit, ya duba kwalin a rufe yake da salatif, ya yi wa yaron ƴan tambayoyi sannan yace mu wuce. Da alama sun saba, garin takubba ne. Ranar tashi ma a kayan da ake aunawa ya tafi ta wurin manyan kaya, don a Turai wuƙar da ruwanta ya wuce santimita 6 ba ta shiga cikin jirgin sama a jakar hannu balle wannan. Kuma duk mai niyyar irin wannan sayayya ya binciki dokar ƙasar da zai sauka da wadda zai ratsa tun kafin ya biya, kowace ƙasa da nata, ita Sifaniya kanta da ake sayar da takubba a kan titi ta haramta wuƙa mai maɓalli da ke fitowa da kanta. Ni na riƙe rasit ɗina a aljihun gaba har na isa, kwastan suka buɗe suka gani suka yi ƴan tambayoyi suka rufe.

Daren da na isa gida ko jaka ban kwance ba na sauko da mai ƙyallin daga bango. Na bugi dunƙulen da tafin hannu, kwaram. Na kama shi na murɗa, ya juya ba gardama, na ci gaba da murɗawa har ya fita, mariƙin ya zame, makarin ya faɗo kan kafet. Ga ta nan, siririya kamar fensir, da ɗan ƙullin walda baƙi a gindinta, har ta ɗan karkace gefe ɗaya, ina jin tun ranar da wani abokina ya kaɗa shi a tsakar ɗaki yara suna zaune suna kallo. Na ɗauki hoto na tura wa yaron, ya turo min fuskokin dariya cike da allo. Na mayar da komai na ɗaure, na ɗauko waya mai kauri na ɗaure makarin da kuben yadda ba mai iya zare shi, na mayar da shi kan ƙusarsa. Sabon kuma yana kan tebur cikin takardarsa, ban samo masa wurin ratayewa ba tukuna.